Gwajin Ƙwayoyin Gado Kan Ciwon Ƙoda: Wa Yake Yi Wa Amfani, Wa Kuma Bai Zama Masa Dole Ba?

A Abuja, idan aka ce "gwajin DNA", abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne rigimar uba da ɗa. Idan kuma aka ce "jinotaif", sai hankali ya koma kan masu shirin aure da batun sikila. Shi ya sa idan likitan ƙoda ya ce wa majinyaci, ko ɗan'uwansa da ke shirin ba shi ƙoda, cewa zai yi kyau a duba ƙwayoyin gadonsu, sai a yi cirko-cirko. Wani ya ce ai shi ya yi jinotaif tun kafin aure, AA ne. Wani kuma ya ga kamar asalinsa ake zargi. Alhali ba ko ɗaya likitan yake nufi ba.

Maganar ta ƙara fitowa fili tun ƙarshen 2024, lokacin da aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi kan mutum 8,355 a Najeriya da Ghana, wanda ya nuna cewa wata ƙwayar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma tana da hannu a ciwon ƙoda. Daga nan tambayoyi suka taso: shin ciwon ƙoda gadonsa ake yi? Kowa ne ya kamata ya je a gwada shi? In an gwada an gani, sai kuma me?

Me ake nufi da ƙwayar gado?

Jikin ɗan'adam yana tafiya ne bisa wani rubutaccen tsari da ke cikin kusan kowace ƙwayar halittarsa. Wannan rubutu shi ne DNA. An kasa shi gida-gida, kusan gida 20,000, kowane gida da umarnin da yake ɗauke da shi. Kowane gida shi ake kira ƙwayar gado. Mutum yana samun biyu-biyu na mafi yawansu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan aka samu kuskure a rubutun wata ƙwaya da ke kula da ginin ƙoda ko matatarta, ƙodar na iya lalacewa sannu a hankali ko da mutum bai taɓa yi mata laifi ba.

Gwajin jinotaif da aka saba yi ba ya karanta wannan rubutu. Irin sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini kawai yake dubawa, ya ce AA ne ko AS ko SS. Gwajin da likitan ƙoda ke magana a kai shi ne wanda ake ɗibar jini ko yawu, a ciro DNA, a karanta ƙwayoyin da aka san suna da alaƙa da ƙoda harafi bayan harafi. Amma kada a ce jinotaif ba ruwansa da ƙoda: sikila kanta tana cin ƙoda, kuma mai SS yana buƙatar a riƙa duba fitsarinsa a kai a kai.

Ba duk ciwon da ya zaga gida ba ne gado

Nan ne aka fi yin kuskure. Manyan abubuwan da ke kashe ƙoda a Najeriya su ne hawan jini, ciwon suga da kumburin matatar ƙoda. Akwai kuma yawan shan magungunan kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba da umarnin likita ba, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba, da mayukan bilicin masu sinadarin makuri. 'Yan gida ɗaya rijiya ɗaya suke sha, tukunya ɗaya suke ci, kemis ɗaya suke zuwa. Don haka mutum uku na iya kamuwa a gida guda ba tare da sun gaji komai ba. Yankin Gashuwa a jihar Yobe ya daɗe yana fama da yawan masu ciwon ƙoda, kuma masu bincike sun fi mai da hankali kan ruwa, abinci da muhalli.

Duk da haka, kason gado ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019, wanda ya karanta ƙwayoyin gadon manya fiye da 3,000 masu ciwon ƙoda, ya gano cewa kusan 1 cikin 10 ciwonsu daga kuskuren ƙwaya guda ya taso. A cikin yara kason ya fi haka nesa ba kusa ba.

Cututtukan da ake gada kai tsaye

Wadda ta fi yawa ita ce cutar da ke sa ƙoda ta cika da 'yan jakunkunan ruwa, waɗanda ke girma shekara da shekaru har su danne lafiyayyen nama. Likitoci na kiranta ADPKD. Ƙwayoyi biyu ne suka fi haddasa ta, PKD1 da PKD2. Mutum ya gaji kuskuren daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ya isa, don haka idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. A lura, kowace haihuwa lissafinta daban. Mutum na iya haifar 'ya'ya huɗu duk su gada, ko ya haifi huɗu ba wanda ya gada. Mai PKD1 ƙodarsa takan gaza ne a tsakanin shekara 50 zuwa 60, mai PKD2 kuma yakan samu ƙarin kusan shekara 20, wani ma har ya bar duniya ba a taɓa yi masa wankin ƙoda ba. Alamun farko su ne hawan jini tun da ƙuruciya, ciwon kwiɓi, da jini a fitsari.

Abin da ya kamata a sani game da wannan cuta shi ne, yawanci sikanin na ciki ya isa ya nuna ta, musamman ga wanda ya haura 40 kuma an san akwai ta a gidansu. Ba sai an kashe kuɗi a gwajin DNA ba. Inda sikanin ke gazawa shi ne wajen matashi, domin jakunkunan ba su gama fitowa ba. Ɗan shekara 25 na iya yin hoto a ce masa ƙalau yake, alhali yana ɗauke da ita.

Ta biyu ita ce cutar Alport, wadda ke lalata bangon matatar ƙoda. Alamarta jini a fitsari tun yarinta, sau da yawa wanda ido ba ya gani sai an auna, daga baya kuma ji ya fara raguwa, wani lokaci har da matsalar ido. A ƙasar Hausa wannan na da wani tarko: yaro ya yi fitsarin jini, kowa zai ce tsargiya ce, kuma galibi ita ɗin ce. Amma idan aka sha maganin tsargiya, awo ya ci gaba da nuna jini, sannan aka tuna cewa wani kawun yaron ta wajen uwa ya kurumce kuma ƙoda ta kashe shi yana saurayi, to magana ta canja. Mafi yawan Alport ta hanyar uwa take zuwa wa ɗa namiji, kuma ta fi yi wa maza illa. Uba mai irin wannan ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Gano ta da wuri yana da amfani a zahiri, domin magungunan hawan jini irin su lisinopril, waɗanda ba su da tsada, suna jinkirta gazawar ƙodar da shekaru idan aka fara su kafin ɓarna ta yi nisa.

Sai rukuni na uku, wanda ya shafi auren zumunci. Akwai cututtukan da ba sa bayyana sai yaro ya gaji kuskure iri ɗaya daga uwa da uba duka, kamar dai yadda AS da AS ke haifar SS. Iyayen lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. 'Yan'uwan da suka haɗa kaka sun fi yiwuwar ɗaukar kuskure iri ɗaya, shi ya sa irin waɗannan cututtuka suka fi bayyana inda ake yawan auren gida. Wannan ba ya nufin duk auren zumunci zai haifar da ciwo. Mafi yawa ba sa haifarwa. Misalin da likitocin yara suka fi gani shi ne yaron da jikinsa ke kumbura saboda furotin na tsiyaya ta fitsari. Akasarin irin waɗannan yara suna warkewa da maganin prednisolone. Waɗanda maganin bai yi wa aiki ba, kusan 3 cikin 10 nasu matsalar ƙwayar gado ce, kuma irinsu ƙara musu magunguna masu karya garkuwar jiki wahala ce kawai. Gwaji a nan yana iya raba yaro da watannin shan maganin da ba zai amfane shi ba.

APOL1: haɗari ne, ba hukunci ba

Wannan ita ce ƙwayar da binciken Najeriya da Ghana ya yi magana a kai, kuma ita ta fi rikita mutane, don ba ta bin ƙa'idar waɗanda aka ambata a sama.

A 2010 masana suka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar APOL1, da aka sa wa suna G1 da G2, su ne ke bayyana wani ɓangare na dalilin da ya sa baƙaƙen Amurka suka fi farare fama da gazawar ƙoda. Asalin sauye-sauyen daga Afirka ne, kuma sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, dangin sammoren da makiyaya suka sani a shanu. Abin da ya tsare kakanni daga wata cuta shi ya bar wa jikoki wani haɗarin.

A binciken na 2024, wanda masana na H3Africa, shirin nazarin ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka, suka gudanar, kashi 43 cikin 100 na mahalarta suna da sauyi ɗaya, kusan kashi 30 kuma suna da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sai dai fiye da rabin mahalartan majinyata ne tun asali, don haka ba a ɗaukar wannan a ce haka duk 'yan Najeriya suke. Masu sauyi biyu haɗarinsu na ciwon ƙoda ya ɗara na masu ɗaya ko marasa shi da kusan kashi 25, na masu ɗaya kuma ya ɗara na marasa ko ɗaya da kusan kashi 18. Wannan na biyun shi ne sabon abu, domin a da ana ganin sauyi ɗaya ba ya cutarwa.

Ga mai karatu Bahaushe akwai wani ƙarin bayani. Wani bincike da aka yi a Kano kan masu ɗauke da HIV, aka buga a 2021, ya samu cewa kusan 2 cikin 100 ne kawai na Hausawa da Fulanin da aka gwada suke da sauyi biyu, yayin da adadin ya ninka haka sau da yawa a cikin Yarabawa da Igbo. Amma ba a shiga wannan inuwa a miƙe ƙafa. Sunan ƙabila ba shi ne rubutun jini ba, balle a gari irin Abuja da kewayenta, daga Kubwa zuwa Mararaba, inda auratayya ta haɗa kowa da kowa.

Abu mafi muhimmanci shi ne, mafi yawan masu sauyi biyu ba sa taɓa yin ciwon ƙoda. Sai wani abu ya zo ya tayar da shi, kamar HIV da ba a shan maganinta, ko wata cuta mai tayar da garkuwar jiki. Ana gwajin magungunan da aka ƙera musamman don APOL1 a ƙasashen waje, amma shawarar da ake ba mai ɗauke da ita a yau ita ce wadda ake ba kowa: a kula da hawan jini, a rage gishiri, a riƙa awon fitsari.

Amsa uku, ba biyu ba

Mutane kan zaci sakamako "akwai" ne ko "babu". Uku ne. Ana iya samun kuskuren da aka tabbatar yana haddasa cuta. Ana iya rasa komai, wanda ba ya nufin ciwon ba na gado ba ne, domin akwai ƙwayoyin da ilimi bai kai gare su ba tukuna. Na ukun shi ne a ga wani sauyi da ba a san ko mai cutarwa ba ne ko kuwa bambancin halitta ne kawai.

Wannan amsa ta uku ta fi faɗa wa 'yan Afirka. Dalili kuwa, rumbunan bayanan da ake kwatanta sakamako da su an cika su ne da bayanan Turawa, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Harafin da ya zama ruwan dare a Zazzau ko Bida na iya zama baƙo ga kwamfutar wani ɗakin gwaji a Turai. Iyali na iya biyan kuɗi mai yawa, su jira makonni, a dawo musu da takardar da ba ta raba gardama ba. Gyara wannan giɓi na cikin dalilan kafa H3Africa, kuma ɗaya daga rumbunan ajiyar samfurorin shirin yana nan Abuja, a Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cututtukan Ɗan'adam ta Najeriya.

Inda gwajin ya fi nauyi: dashen ƙoda

A Najeriya, tun dashen farko da aka yi a Legas a 2000, da wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, ƙodar da ake dasawa daga rayayyen mutum take fitowa, kuma wanda aka fara dubawa shi ne ɗan'uwa na jini. To idan ciwon na gado ne, wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne kuma wanda ya fi yiwuwar ɗauke da ciwon.

A ɗauki misali: magidanci ɗan shekara 54 mai ADPKD, ɗansa ɗan shekara 26 ya ce ya ji ya gani, zai ba Baba ƙoda. Hoto ya nuna ƙodar yaron lafiya. Idan aka cire ɗaya, bayan shekara 15 jakunkuna suka bayyana a ɗayar da ta rage, an gudu ba a tsira ba, gida ya samu majinyaci na biyu. A irin wannan hali tsarin da ake bi shi ne a fara gwada uban, a gano ainihin kuskuren da ke gidan, sannan a nemi wannan kuskuren kaɗai a jinin ɗan. Gwaji na biyun ya fi sauƙi, amsarsa kuma ta fi fitowa sarai. Haka ma a Alport, uwa ko 'yar'uwar majinyaci da ke ganin lafiyarta ƙalau tana iya kasancewa mai ɗauke da cutar.

Wannan ya dace da sharuɗɗan da aka riga aka sani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da sashen jiki bisa sharaɗin kada a jefa mai bayarwa cikin halaka kuma kada ya zama ciniki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta sayar da sassan jiki, ta kuma wajabta yardar mai bayarwa.

Kan APOL1 kuwa, likitocin dashe ba su zama baki ɗaya ba. Wasu na ganin matashi mai sauyi biyu bai kamata ya bayar ba. Wasu na cewa a yankin da ɗimbin jama'a ke ɗauke da ita, hana su zai bar majinyata da yawa ba mai ba su, alhali akasarin masu bayarwar ba abin da zai same su. Matsakaicin ra'ayi shi ne a gaya wa mai bayarwa abin da aka sani, a bar masa zaɓi.

Masu cewa a faɗaɗa, da masu cewa a dakata

Masu goyon bayan faɗaɗa gwajin suna kafa hujja da tsadar jinya. Wankin ƙoda sau uku ake so a mako, kuma ko bayan da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta sauke farashin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, iyalai kaɗan ne ke iya jurewa wata da watanni. A ganinsu, gwajin da ake yi sau ɗaya a rayuwa, wanda zai sa a fara kare ƙodar 'yan'uwa tun suna ƙanana, ya biya kuɗinsa. Suna ƙarawa da cewa yana iya hutar da majinyaci daga tsira masa allura a ɗebo naman ƙoda don awo, kuma tun 2018 Amurka ta amince da maganin tolvaptan mai rage saurin ADPKD, wanda sanin nau'in cutar ke taimakawa wajen tantance wanda ya dace da shi.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ilimin, jerin buƙatu yake dubawa. Mutane da yawa a Nyanya ko Dei-Dei ba su san suna da hawan jini ba, kuma awon fitsari na 'yan kuɗi kaɗan zai kama masu ciwon ƙoda fiye da yadda gwajin DNA zai kama. Cikakken gwajin yawanci sai an aika samfuri waje, a biya bisa farashin dala, daga aljihu. Tolvaptan ɗin ma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ga buƙatar awon hanta a kai a kai. Sannan ƙwararrun da aikinsu shi ne zaunar da iyali su fassara musu sakamako sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar.

Idan aka auna, saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Kusan duka ɓangarorin sun yarda gwajin ya cancanta ga wanda ƙodarsa ta gaza yana yaro ko matashi ba a san dalili ba, ga gidan da ciwon ya ci mutum fiye da ɗaya, ga mai ciwon ƙoda haɗe da kurumta ko matsalar ido, ga yaron da prednisolone bai yi wa aiki ba, da kuma ɗan'uwan da zai ba da ƙoda. Dattijon da ya shekara 20 da ciwon suga kafin ƙodarsa ta taɓu, da wuya gwajin ya gaya masa abin da bai sani ba.

Sirri, aure da abin da zai biyo baya

Sakamakon wannan gwaji ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar da aka ce wa mace tana ɗauke da Alport, an yi magana kan 'yan'uwanta mata da 'ya'yansu, waɗanda ba su nemi sani ba. A al'ummar da ake binciken asali kafin a ba da aure, kalmar "gidan masu ciwon ƙoda" na iya bin 'yan mata har waɗanda ba su gaji komai ba. An ga irin haka da sikila da farfaɗiya.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin gado da na lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, don haka majinyaci na da haƙƙin tambayar ina za a kai jininsa, wa zai ga sakamakon, kuma ko za a ajiye shi don bincike. Amurka ta yi doka ta musamman a 2008 da ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda sakamakon irin wannan gwaji, amma ko ita ba ta shafi inshorar rai ba.

Tsoron nan na batun uba da ɗa shi ma ba a banza yake ba. Ba shi ake nema ba, amma idan aka gwada iyaye da 'ya'ya tare, rashin dacewa na iya fitowa da kansa. Abu ne da ya kamata a tattauna kafin a ɗebi jini, ba bayan takarda ta iso ba. Game da yara masu lafiya a gidan da ke da ADPKD, likitoci da yawa sun fi son a riƙa auna musu hawan jini, a bar shawarar gwajin har su girma su yanke da kansu.

Kafin a kai ga ɗakin gwaji

Ga mazaunin Abuja, ƙofar shiga ita ce likitan ƙoda, a Babban Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, ba tallan ɗakin gwaji a intanet ba. Zai fara da awon hawan jini, awon fitsari, awon jini na aikin ƙoda, da sikanin. Sannan zai yi tambayoyin da amsarsu ba ta asibiti: wa da wa suka yi ciwon kumburi a dangi, suna da shekara nawa, ta wajen uwa ne ko ta wajen uba, akwai wanda ya kurumce da ƙuruciya, akwai jariran da suka rasu jim kaɗan bayan haihuwa, iyaye 'yan'uwan juna ne? Yana so a koma baya har kakanni. A yawancin gidaje, mai riƙe da wannan tarihi wata gwaggo ce ko inna a can gida, kuma da amsoshinta ne likitan zai san wace ƙwaya zai ce a duba, ko ma ya ce ba sai an yi gwajin ba.